Doki a Turke, Ɗa a Goye

Cikin motocin da ake ƙerawa a ƙasashen waje akwai wata iri wadda ba don ɗaukar kaya ko jama'a aka yi ta ba. 'Yar gajeruwa ce, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, mazauninta biyu rak, watau na direba da na mutum guda a gefensa. Sau da yawa rufinta na tamfol ne, a naɗe shi in ana son shan iska. Ga ta da gudu ainun, ga kyaun gani. Ita ce za a riƙa kira motar ƙawa a cikin wannan bayani. Kamfanin MG na Ingila ya ƙera wani samfuri nata mai suna MGB daga 1962 zuwa 1980, har fiye da guda 500,000. Kamfanin Mazda na Japan kuwa ya fito da nasa, MX-5, a 1989, ya zuwa 2016 ya cika guda miliyan ɗaya. Ashe masu sha'awarta a duniya ba kaɗan ba ne.

Mutum yakan sayi irin wannan mota tun yana saurayi, ko yana sabon ango, bayan ya yi shekaru yana tara kuɗi. Ana nan sai matarsa ta haihu. Daga ranar suna al'amura sun sake. Dole a nemi wata mota mai fili don kai jariri awo da zuwa gaishe da iyaye, ita kuwa motar ƙawa a ja mata mayafi a gefen gida. Wata ya wuce, wani ya bi, ba a fita da ita sai jifa-jifa. To, a nan ne tambaya ke tasowa: ya kamata uba ya sayar da ita, ko kuwa ya riƙe abarsa? Tambayar ta fi ƙarfin maganar mota kawai, gama ta shafi kowane mutum da ke da wani abin marmari tun kafin hakkin wani ya hau wuyansa.

Wanda bai taɓa ganin irin motar ba, lalle ya san dokin sallah. Akwai mai ɗaure ingarma a gida ba don noma ko fatauci ba, sai don ya hau ranar idi, ya bi ayarin sarki a Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa kamar yadda ake yi a Kano. Kwanakin hawan cikin shekara ba su cika yatsun hannu biyu ba, amma doki bai san da wannan ba. Kullum sai ya ci dawa da harawa da dusa, a ba shi kanwa, a share masa barga, a biya yaron da ke yi masa ciyawa. Magabata sun san haka, shi ya sa ba a ganin mutuncin mai doki in dokinsa ya yi ƙiba iyalinsa suna rama.

Wani zai ce ai mota ba ta da baki, in ba a tashe ta ba ba ta cin kome. Wannan kuskure ne, gama mota takan ci a tsaye. Batir yakan mutu in an yi makonni ba a tashi inji ba. Fetur da ya yi watanni a tanki yakan lalace, ya bar dauɗa a hanyoyin mai. Man birki yana shan laima daga iska, don haka masu ƙera motoci da yawa suka ce a sake shi kamar bayan shekara 2, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Baƙin mai kuma ana son sake shi shekara-shekara. Taya tana tsufa ko ba ta taka hanya ba, ta tsattsage, har ana ba da shawara kada ta wuce shekara 6 zuwa 10 a jikin mota. Robobin da ke tare mai sukan bushe su soma yoyo, ɓeraye su shiga su gaigaye waya. Bayan wannan ga kuɗin inshora da na lasin da ake sabuntawa kowace shekara. Sa'an nan, ban da 'yan kaɗan da suka zama abin nema don ƙarancinsu, yawancin motoci darajarsu raguwa take yi da tsufa.

Saboda haka abu na fari da ya wajaba ga mai motar shi ne lissafi, ba kuwa mai wuya ba ne. Ya ɗauki takarda da fensir ya rubuta dukkan abin da ta ci a shekarar da ta wuce, ya haɗa da abin da ya ragu daga darajarta. Sa'an nan ya ƙidaya sau nawa ya fita da ita, ya raba. A misali, in ta ci naira 600,000, ya kuwa fita sau 6, to, kowace fita ta tsaya masa a kan naira 100,000 ke nan. Mai yiwuwa ne ya ga daɗin da ya ji ya kai haka, mai yiwuwa ne kuma gabansa ya faɗi. Ko wanne ne, ya dai san gaskiyar abin da yake saye.

Abu na biyu, motar ba ta da wurin sabon baƙon da ya zo gidan. Jariri ba a riƙe shi a cinya cikin mota, gama in aka yi karo ba hannun da ya isa ya tare shi. Kujera ta musamman ake ɗaure masa, yana fuskantar baya, wurinta mafi aminci kuwa shi ne mazaunin baya. Motocin zamani suna da jakar iska a gaba wadda ke kumbura farat ɗaya lokacin karo, ta tsare babba, amma bugunta yana iya hallaka jaririn da aka ajiye a gabanta in ba a kashe ta ba. A Ingila, tun 2006 doka ta ce yaro ya zauna a kujerar yara har ya cika shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135. Ko da an sami dabarar ɗaukar yaron a gaba, to, uwarsa fa? Mutum uku ba su shiga mazauni biyu. Watau duk sa'ad da uba ya tashi wannan mota, sai ya bar wani nasa a gida.

In lissafi ya nuna haka, me ya sa rabuwa da ita ke da wuya? Masana halin ɗan Adam sun bincika wannan. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Richard Thaler, ya yi bayani a 1980 cewa mutum yakan ƙara wa abu daraja don kawai ya zama nasa. A 1990 shi da Daniel Kahneman da Jack Knetsch suka bayyana wani gwaji da suka yi da ɗalibai a Jami'ar Cornell. An raba wa rabin aji kofunan shayi kyauta, aka bar sauran hannu wofi, aka ce a yi ciniki. Sai ga waɗanda aka ba suna neman kamar ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofi ɗaya ne, bai yi sa'a guda a hannunsu ba, amma ya riga ya shiga ransu. To, ina ga motar da mutum ya yi shekaru yana wanke ta da hannunsa?

Akwai tambaya guda da ke warware wannan ƙulli. Mai motar ya ƙaddara ba shi da ita, kuɗinta ne a aljihunsa yau, ga jariri a ɗaki, ga kuɗin haya, ga makaranta nan gaba. Zai tashi ya tafi ya sayo ta? In ya ce i da zuciya ɗaya, to, son da yake mata na gaskiya ne. In kuwa ya ce a'a, to, ƙin sayarwa da saye duk ɗaya ne, gama kowace safiya da ya bar ta a gida ya zaɓi mota a kan kuɗinta ke nan. Kuɗin da ya riga ya kashe mata a baya ba hujja ba ne, don sun tafi, riƙe ta ba ya komo da su.

Amma fa akwai abin da fensir ba ya rubutawa. Sau da yawa ba ƙarfen ne mutum ke jin zafin rabuwa da shi ba, ƙuruciyarsa ce. Motar tana tuna masa zamanin da yake fita ba ya gaya wa kowa, ya komo sa'ad da ya ga dama. Yana gani kamar in ya miƙa makulli ya tabbata wancan saurayi ya tafi. Gaskiyar magana kuwa, ya riga ya tafi tun ranar da aka raɗa wa yaro suna, ko motar tana nan ko ba ta nan. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ba abin kunya ba ne mutum ya ji kewar abin da ya wuce, abin gudu shi ne ya riƙa biyan kuɗin kewar daga tukunyar iyalinsa.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce kowane uba sai ya sayar. Haihuwa ba ta haramta wa mutum jin daɗi ba. Uban da ya yanke wa kansa kowane abin sha'awa yakan zama mai ƙunci, ƙuncin nan kuwa a kan iyali yake sauka. Akwai ma wanda ke sayarwa don a yabe shi, sa'an nan ya yi shekara ashirin yana gori, ya riƙa ce wa ɗansa, "Kai, don kai fa na rabu da motata." Wannan bai yi kyauta ba, bashi ya ɗora wa yaron da bai roƙe shi ba. Da irin wannan sayarwa gara riƙewa. Haka kuma wanda Allah ya hore wa, ci da sha da sutura da magani da karatun 'ya'yansa duk ba abin da ya tauye, yana da ajiya don ranar tsiya, ba wanda ya isa ya zarge shi don ya bar wa kansa abu guda. Wata rana ma yaron zai girma ya riƙa miƙa masa sifana, su koyi gyaran inji tare.

Sai dai kada a manta da mutum na uku a cikin maganar, watau uwar ɗa. Ita ba a tambaye ta ko za ta rabu da barcinta ba, ko sana'arta, ko zuwa bikin ƙawayenta. Sau nawa mace kan cire 'yan kunnenta na zinariya, ko ta fid da tasa daga jerenta, ta sayar don maganin yaro, ba wanda ya ji labari? In ita ta bar abubuwa goma ba ta ce uffan ba, shi kuwa ya kasa ko tattauna abu guda, to, adalci ya yi ƙaranci a gidan. Don haka shawarar ba ta maigida kaɗai ba ce. Ya dace ya shimfiɗa mata takardar lissafin nan ya ce, "Uwargida, ga abin da motar nan ke ci, mene ne ganinki?" In ta ce, "Maigida, bar abarka, ba ta rage mu da kome ba," to, ya riƙe da wanke-ken zuciya. In kuwa ta yi shiru ta sunkuyar da kai, mai hankali ya san shirun nan ma amsa ce.

Ba kuɗi kaɗai motar ke ci ba, har da lokaci. Ranar hutu guda ce a mako ga yawancin ma'aikata, ko biyu in an yi sa'a. Wankinta da kai ta wurin makaniki da ɗan zagayawa don kada batir ya mutu, duk daga ranar nan ake yanka. Taura biyu ba ta taunuwa. Mota in an sayar ana iya samun irinta bayan shekara 15, ko da za ta fi tsada. Amma yaro cikin shekara guda ya soma tatata, wajen shekara 2 an yaye shi, a shekara 6 ya shiga makaranta, ba kuwa kasuwar da ake sayo waɗannan kwanaki in sun wuce.

To, daga abin da ya gabata ana iya gane cewa motar ba ta da laifi, sonta ma ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne wa ke biyan kuɗin zamanta. In daga rarar maigida ne, da yardar matarsa, ba tare da an tauye yaro a kuɗi ko a lokaci ba, sai ya riƙe, amma ya riƙa hawa, gama ajiye ta a lulluɓe asara ce biyu, ba daɗi ba kuɗi. In kuwa daga kwanon yaro ne ko daga haƙurin uwarsa, sai ya sayar tun tana da daraja, kada ya jira sai ciwo ko kuɗin makaranta sun matsa shi ya karyar da ita. Wanda ya kasa yanke shawara ya sa wa kansa wa'adi, kamar wata 6, ya riƙa rubuta ranakun da ya fita da ita, in wa'adi ya cika ya bi abin da takarda ta nuna. Sa'an nan in ya sayar, ya zuba kuɗin inda zai ga amfaninsu, ya kama bakinsa, kada yaron ya taɓa jin cewa an yi hasarar wani abu saboda zuwansa duniya.