Baƙuwar Tunkiya da Haƙƙin da Ke Wuyanmu

Akwai wata tambaya da ba mu cika yi wa kanmu ba, mu masu kiwon sha'awa, wato waɗanda ke ajiye tumaki uku ko huɗu a bayan gida don dai jin daɗin ganin dabba a turke. Tambayar kuwa ita ce: idan muka jawo baƙuwar tunkiya gida, muka yi ta lallashinta har ta saki jiki da mu, alhali mun san ƙarshenta wuƙa ce ko kasuwa, shin ba mu ci amanarta ba?

Bari mu faro daga kasuwa. Ranar Juma'a mutum ya je Wudil, dillali ya zagaya da shi, ga 'Yankasa, ga Balami fara sol, ga Uda mai baƙin gaba da farin baya. A buɗe baki a duba haƙora, a yi ciniki, a sallama, a biya la'ada. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. A wurin tunkiya kuwa yanzu aka fara, domin a yini guda an raba ta da garkenta, da makiyayinta, da irin abincin da cikinta ya sani. Shi ya sa take kwana kuka a darenta na farko, mu kuwa mu ce ta cika hayaniya. A shekarar 2001 wasu masana a Ingila sun nuna cewa tunkiya tana iya riƙe fuskokin 'yan uwanta har hamsin, kuma ta gane su bayan shekara biyu. Ashe kukan nan na kewa ne. Wanda ya fahimci haka zai yi ƙoƙari ya sayo biyu daga garke ɗaya, ko don su ɗebe wa juna kewa.

Haƙƙi na farko da ke kanmu yana kama da rashin karamci, wato mu keɓe baƙuwar daga tumakin gida na mako uku zuwa huɗu. Dalili shi ne cututtuka irin annobar nan da likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a ƙasar Kwaddibuwa a 1942, mai zuwa da zazzaɓi da majina da zawo da gyambo a baki. Dabba takan ɗauko ta a cunkoson kasuwa, ta shigo gida lafiya lau a ido, sai bayan 'yan kwanaki ciwon ya bayyana. A nan tausayin baƙuwa ya ci karo da haƙƙin 'yan gida, kuma adalci shi ne a ba kowa nasa: ita a ba ta inuwa da ruwa mai tsabta a gefe, su kuma a tsare su, tun da riga-kafi ya fi magani.

Haƙƙi na biyu shi ne mu san abin da muke yi. Mun taɓa rasa wata Uda kwana biyu da sayo ta, kuma ba yunwa ce ta kashe ta ba. Murna ce ta sa muka cika mata kwano da dusa da ragowar tuwo, ita kuwa ba ta san komai ba sai ciyawar daji. Cikinta ya kumbura, kafin gari ya waye ta mutu. Da mun tambayi mai ita abin da ta saba ci, muka fara mata da harawa, muka riƙa ƙara dusar kaɗan-kaɗan, da wataƙila ta haifa mana 'ya'ya. Tun daga ranar muka gane cewa kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum idan ya ƙi neman sani.

To, mu koma ga tambayarmu. Bayan wata guda tunkiyar ta san takunmu, tana cin ƙowa a tafin hannun yaranmu. Wani zai ce ai sabo turken wawa ne, mun ɗaure ta da igiyar da ta fi ta kaba ƙarfi don mu ji daɗin kai ta inda muke so. Wani kuma zai ce mafita ita ce kada a shaƙu da dabba sam, a ɗauke ta kamar buhun hatsi. Mu dai ba mu gamsu da ko ɗaya ba. Cin amana shi ne saɓa alkawari, mu kuwa ba mu yi wa tunkiya alkawarin dawwama ba, domin ko kanmu ba mu iya yi wa wannan. Abin da muka ɗauka ranar da muka karɓi igiyarta shi ne kwanakinta a hannunmu za su kasance babu yunwa, babu ƙishirwa, babu duka. Hadisi ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Haka nan malamai sun hana a wasa wuƙa a gaban dabba, ko a yanka wata tana kallo. Ashe alkawarin yana nan har zuwa ranar ƙarshe, kuma mai ɗaukar dabba kamar buhun hatsi shi ya fi saurin karya shi.

Duk da haka ba za mu ce babu ɗaci ba. Ranar Babbar Sallah akan ga yaro ya laɓe a bayan ɗaki yana hawaye saboda ragon da ya yi wata shida yana ba ruwa, manya kuma su yi masa dariya. Bai kamata ba. Yaron nan ya san rai aka bayar, kuma layya ba ta rasa komai don mai yin ta ya ji nauyin abin da ya miƙa. Abin tsoro shi ne mu wayi gari ba ma jin komai.

Saboda haka, mai karatu, idan za ka jawo baƙuwar tunkiya, gyara turke da inuwa tun kafin ka tafi kasuwa, kuma kada ka manta da tambayar abin da ta saba ci. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da muka mallaka, amin.