Dillalin da Ya Bar Inuwar Maigida: Butulci Ne ko Haƙƙi?

A Amurka akwai wani irin dillanci da ba a cika saninsa a nan ba. Mutum ya karɓi kuɗin sallama daga wurin aiki, yana son buɗe shago da sunan kamfanin da ya riga ya shahara, kamar yadda ake buɗe rassan Subway, sai ya nemi mai ba da shawara ya taya shi zaɓe. Da yawa daga cikin waɗannan dillalai suna aiki ne a ƙarƙashin gamayya irin su FranChoice ko FranNet, wadda aka kafa a 1987. Gamayyar ke horar da su, ta ba su jerin kamfanonin da ta ƙulla yarjejeniya da su, ta kuma ɗauki kasonta. Mai saye ba ya biyan ko sisi. Kamfanin da aka kai wa shi ne ke biyan la'ada idan ciniki ya faɗa.

Bayan shekaru, wani dillalin sai ya ce zai ci gashin kansa. Ya yi butulci ke nan?

Duk wanda ya zauna a Kantin Kwari ya san wannan tambaya. Yaron shago ya goge, ya san masu kawo atamfa, ya san wanda ake bai wa bashi da wanda ba a ba, sai ya nemi maigida ya sallame shi. Ba a zargin yaro don ya tafi. Ana zarginsa ne idan ya sulale ba sallama, ko ya kama rumfa a gefe yana yafito masu sayen maigidansa.

Fiƙihun Malikiyya ya yi wa irin wannan rabuwa iyaka mai kyau a babin ƙiradi, inda wani ke ba da jari wani ya yi aikin. Kafin a fara aiki, kowa na iya fasawa. Da zarar an sayi kaya, sai a jira har su koma kuɗi kafin a raba gari. Ƙofar fita a buɗe take, amma ba a fita a bar dukiyar mutane a tsakiyar hanya. Suratul Ma'ida ma da umarnin cika alkawari ta fara, kuma takardar da dillali ya sa wa hannu alkawari ce, har da sharaɗin cewa ba zai yi gogayya da gamayyar ba na wani lokaci. Jihar Kalifoniya tun 1872 ba ta yarda da irin wannan sharaɗi ba, yayin da jihohi da dama ke aiki da shi idan bai wuce kima ba. To amma abin da kotu ta ƙyale, zuciya ba lallai ta ƙyale ba.

Sai dai amanar ba ta gamayya kaɗai ba ce. Ga magidanci zaune a gaban dillali, ya baje takardun bankinsa a kan tebur, yana shirin jingine gidansa. Idan dillalin ya ga cewa abin da ya dace da mutumin nan ba ya cikin jerin da aka ba shi, ko kuma kamfanin da ya fi biyan la'ada ne zai fi cutar da shi, to yin shiru ha'inci ne. A nan, fita na iya zama ita ce riƙon amana.

Saboda haka hukuncin yana kan abin da ya fita da shi. Ƙwarewarsa da sunan da ya yi wa kansa nasa ne, babu mai ƙwace su. Kundin lambobin mutanen da gamayya ta turo masa da littattafan horonta kuwa ajiya ce, mayarwa ake yi. Cinikin da ya faro a can, a can zai ƙarasa shi a raba la'ada yadda aka shirya. A sabon ofishinsa kuma, mai saye na farko da ya shigo yana da haƙƙin jin wanda ke biyan dillalin, da nawa ake biyansa, tun kafin a buɗe masa takardar kowane kamfani.