Hakkin Mawaƙi A Kan Masu Rai

Idan mawaƙi ya rasu, mene ne hakkinsa a kanmu? Yabo ne kaɗai, ko kuwa gaskiya? Bahaushe yana kunyar faɗin laifin mamaci, kuma wannan kunya tana da kyau, gama mamaci ba ya iya kare kansa. Amma akwai yabon da ke binne mutum karo na biyu: a yi ta ambaton sunansa, a manta da abin da ya faɗa.

Bari mu ɗauki misali daga birnin Kano. A unguwar Shahuci, cikin ganuwa, aka buɗe makarantar koyar da alƙalai a 1928, kuma a makarantar elementare ta Shahuci Malam Aminu Kano ya soma karatun boko. Wannan birni ne ya haifi jam'iyyar NEPU ran 8 ga Agusta 1950, shi ne kuma ya haifi Alhaji Mudi Sipikin a 1930, mawaƙin da ya tsaya tare da talakawa, ya rasu a 2013.

Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, aminin Malam Aminu, ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", inda ya zaɓi a riƙe sarauta, amma ya gargaɗi sarakuna su gyara mulkinsu. Mudi Sipikin, wanda yake tamkar ƙane a gare shi a shekaru, bai yarda ba. Bai yi gunaguni a bayan ido ba, sai ya mayar da amsa da waƙa, "Arewa Jumhuriya Kawai". Malam Sa'adu ya rasu a 1958, amma har yau ana karanta waƙoƙin biyu tare, kowace tana haskaka 'yar'uwarta. Ashe wanda ya yi masa gardama ya taimaka wajen raya maganarsa.

Daga baya Mudi Sipikin ya kafa ƙungiyar Hikima a Kano, kamar yadda Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda ya rasu a 1999, ya shugabanci Hausa Fasaha. A irin waɗannan ƙungiyoyi mawaƙa sukan haɗu, su rera abin da suka tsara, har a ji su a gidan rediyo. Fasaha ta zama tuwon gayya, ba abincin mutum ɗaya ba.

To, yaya za mu tuna da su? Da fari, mu taru mu karanta waƙoƙinsu da murya, gama don kunne aka yi su. Na biyu, mu ba juna damar magana. Zamanin NEPU da NPC ya bar tabo: an ɗaure mutane, an yi zambo, zumunta ta lalace a gidaje da dama. Idan jikan mai sarauta da jikan ɗan adawa suka zauna a tabarma ɗaya, kada a hana kowa faɗin abin da ya ji daga kakansa. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci sai ya ji ɓangare biyu. Haka ya kamata mu yi wa matattu.

Wani zai ce, tonon tsohon miki yana kawo fitina. Gaskiya ne, idan da nufin ramuwa aka tona. Amma mikin da aka rufe ba a wanke ba, ruɓewa yake yi, kuma 'ya'yanmu ne za su gaje shi.

Saboda haka, kafin mu yabi mawaƙin da ya riga mu, mu tambayi kanmu: gaskiyar da ya faɗa wa masu iko na zamaninsa, za mu iya jin ta idan a kanmu ta faɗo? Allah ya ba mu kunnen ji da harshen gaskiya.