Shin mafarki na iya zama shaida a kan mutum?

A ƙasar Hausa, daga Damagaram har Tawa, an san irin wannan safiya: yaro ya kwana da zazzaɓi, ya farka a firgice, ya ce ya ga tsohuwar makwabta tana bin sa da wuƙa. Kafin rana ta take, magana ta zagaye unguwa cewa mayya ta kama masa kurwa. A taru a ƙofar gidanta, a tilasta mata ta tsallake shi. Ko yaron ya warke ko ya cika, sunan ya riga ya manne mata, har jikokinta su rasa manema. Tambayar da ke gaban mai hankali ita ce: wane iko ne abin da aka gani cikin barci yake da shi a kan mutuncin wanda ke farke?

Babu mai musun cewa mafarki yana da daraja a al'adarmu. Hadisi ya kasa shi kashi uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Suratu Yusufa ta kawo mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da ramammu bakwai suka cinye, kuma fassararsa ce ta sa aka cika rumbuna kafin fari. Kusa da mu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta a ƙasar Gobir a 1754, ya ba da labarin ganin da ya yi wajen 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jelani ya rataya masa takobin gaskiya. Har a Turai, Descartes, wanda ƴan ajin ƙarshe na lise ke karantawa a darasin falsafa, ya ɗauki mafarkai uku da ya yi a daren 10 ga Nuwamba 1619 a matsayin kira zuwa ga aikin rayuwarsa.

Sai dai a lura da abin da waɗannan mutane suka yi da mafarkinsu. Sarkin Masar ya nemi masani, abin da ya biyo baya kuwa tanadin hatsi ne. Shehu ya ci gaba da wa'azi da karantarwa shekara goma kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804, kuma hujjojin da ya rubuta daga Alƙur'ani da hadisi da fiƙihu ya ɗebo su. Descartes ya tashi ya gina hanyar tunani da ta ƙi karɓar abin da ba a tabbatar ba. Dukansu mafarkin ya ɗora musu aiki ne a kan kansu, kuma sun auna shi da mizanin farke.

Masana barci sun ƙara wani haske. A 1953, Aserinsky da Kleitman, a jami'ar Chicago ta Amurka, suka gano wani zango na barci da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata. Yana dawowa kusan kowane minti 90, yana ƙara tsawo gab da asuba, kuma wanda aka tayar a cikinsa ya fi tuna mafarki filla-filla. Zazzaɓi mai zafi, irin na cizon sauro da ke yawaita da damina, yana rikita barci ya tsananta abin da ake gani. Ke nan ƙarfin mafarki a zuciya ba ya nuna gaskiyarsa. Sau da yawa lokacin farkawa yake nunawa, ko zafin jiki, ko tsoron da aka kwanta da shi. Yaron da ya saba jin manya suna raɗa game da tsohuwa, fuskarta zai gani.

Malaman addini ma sun riga sun toshe wannan kafa. Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1388, ya yi bayani cikin Al-I'itisam cewa ba a gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba. Sunna kuwa ta umarci wanda ya ga abin ƙi da ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari, kada ya faɗa wa kowa. Wannan umarni kariya ce ga mai mafarkin, kariya ce kuma ga wanda aka gani, tun da shi bai san ya shiga barcin wani ba, balle ya kāre kansa.

Saboda haka, mai barci ba shi da laifin abin da ya gani. Alhaki yana farawa ne da safe, sa'ad da aka buɗe baki. Mafarkin da ya tura mutum ga tuba, ko sadaka, ko sada zumuncin da ya yanke, ya karɓe shi hannu biyu, domin shi kaɗai zai ɗauki nauyinsa. Wanda kuwa ya nuna masa ɗan'uwa a siffar maƙiyi, ya tuna cewa zato zunubi ne. A nan malaman lakwal da ƙungiyoyin raya al'adu suke da aiki: su koya wa iyaye cewa yaron da ya yi sambatu da dare asibiti za a kai shi da sassafe, a bar tsohuwar makwabta ta sha furarta lafiya.