Bakan Gizon da Ba Ya Ɗauke da Komai

Bayan babbar salla na taso daga Ɗambatta zuwa Kano gaisuwa, ɗan ƙanwata ya matsa sai na bi shi wani sabon wurin shan lemo a Nasarawa. Na ce masa ni fura ta ishe ni. Ya yi dariya, ya ce, "Kawu, ai ba don lemon ake zuwa ba, don hoto ake zuwa."

Da muka shiga na gane abin da yake nufi. Bango ja kamar an shafe shi da makuba, zanko a kowace kusurwa, dagi a goshin ƙofa. A ciki kuwa bakan gizo huɗu sun taso sun haɗu a tsakiyar rufi, fitilu na reto a ƙarƙashinsu. Ba gidan giya ba ne, amma salon haɗa abin shan daga mashayar Turai aka aro shi: wani saurayi ya zuba zoɓo da abarba da citta a kofin ƙarfe, ya girgiza da ƙanƙara, ya juye a tambulan mai dogon wuya. Kuɗin kofi ɗaya zai shayar da yaran layinmu duka zoɓon ƙulli. Samari da 'yan mata kowa waya a sama. Ni ma ban bari an bar ni a baya ba, na ɗauki rufin nan har sau uku.

Da na dawo gida na nuna wa wani tsohon magini da muke salla a masallaci ɗaya. Ya kai wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Ya yi kyau, Malam. Amma wannan bakan ba ya ɗauke da komai."

Na ce, "Baba, ta yaya ka gane?"

Ya ce ƙafarsa ta yi siriri. Bakan gaske daga cikin bango yake tasowa da kauri, ana kafa azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a yaɓe, a jira ya bushe kafin a ƙara wani hawan, har ɓangarorin su gamu a sama. Azarar giginya ba ta iya tsallaka ɗaki mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo ya tallafe ta. Kyawunsa daga aikinsa ya fito. Na birnin nan kuwa kankare ne ya riƙe rufin, aka liƙa masa baka don ido.

Sai ya ƙara da abin da ya hana ni barci: "Irinsa na gaske ai a da yana zauren kakanku. Mahaifina ne ya ɗaura shi."

Zauren nan mu muka rushe shi da hannunmu, muka sa bulo da kwano. A cikinsa aka raɗa mini suna, a cikinsa na yi karatun allo, kuma duk gidanmu babu mai hotonsa ko ɗaya. Na biya kuɗin mota da na lemo na ɗauki hoton kwaikwayo, alhali na shekara talatin ina shige da fice ƙarƙashin na ainihi ban ɗaga kai ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Wannan sana'a ba ƙarama ba ce. Ita ta tsayar da Gidan Rumfa da Gidan Makama tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ita ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda masana gine-gine daga ƙasashen waje suke zuwa kallo. Maginan ƙauyukanmu daga rijiya ɗaya suka sha da waɗancan.

Ba na zargin wanda ya koma bulo. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, indararo ɗaya ya toshe sai soro ya jiƙe, giginya ta yi wuya a gonakinmu, masu kwaɓa ƙasa da cura tubali sun ragu. Haka ma masu wurin lemon ba su yi laifi ba, sun ma tuna mana abin da muka manta. Abin lura shi ne, mun saba raina namu har sai wani ya kai shi birni, ya kunna masa fitila, ya sa masa farashi. Zoɓon da ke tambulan ɗin ma a gefen gonakinmu ake shuka yakuwarsa.

Ranar Lahadi, bayan kasuwa ta watse, na bi tsohon nan zuwa wani zaure da ya rage a bayan gari. Da zafin rana muka shiga, ciki sanyi kamar randa. Na ce ya tsaya ƙarƙashin bakan in ɗauke shi. Ya gyara hula, ya dafa ƙafar bakan da tafinsa, ya ce, "Ɗauko har da nan, Malam. Nan ne nauyin yake."