Mudu Biyu a Gida Ɗaya

Karatu: Maimaitawar Shari'a 25:13-16, Amos 8:4-7



Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwa ya san abin da nassin yau yake magana a kai. Akwai tiyar da ake saye da ita a hannun manomi, mai zurfi ce. Akwai kuma wadda aka buga wa gindi, da ita ake sayar wa matar da ta zo neman abin tuwon dare. Ido ba ya rabe su. Ta bakin Musa Allah ya hana Isra'ilawa wannan, ya kuma kira mai yinsa abin ƙyama. Amma ku lura da inda dokar ta tsaya. Ba ta jira sai an kama mutum yana awo ba. Ajiye ma'auni iri biyu a jaka, ko mudu iri biyu a gida, shi kansa an hana, ko da ba a fito da shi ba tukuna. Gama ran da mutum ya je wurin maƙeri ya ce a rage masa mudu, ran nan ya gama cutar a zuciyarsa, sauran sai jiran ranar kasuwa.

Kada mu ɗauka wannan zunubin ƙananan 'yan kasuwa ne kawai. A watan Satumba na shekara ta 2015, hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin kamfanin motoci na Volkswagen, wanda yake ƙasar Jamus, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Dokar Amurka ta sa iyaka a kan gubar da ke fita daga salansar motoci masu shan dizal, man da muke kira gazuwal, domin wannan hayaƙi yana lahanta huhu, yana kuma tsananta ciwon fuka, tun ba ga yara da tsofaffi ba. Kamfanin ya ga injinsa ba zai cika dokar ba sai an ƙara kashe kuɗi, ko kuwa motar ta rage ƙarfi. Sai aka sa wata dabara cikin kwamfutar motar, wadda take gane lokacin da ake gwaji. A ɗakin gwaji mota tana tsaye wuri ɗaya, tayoyi suna juyawa bisa ƙarafa, sitiyari kuwa ba ya motsi. Da kwamfutar ta ga haka sai ta tsabtace hayaƙin, ma'aikacin hukuma ya rubuta cewa lafiya lau. Da motar ta hau titi sai ta koma ɗaya mudun, tana fitar da guba har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin da bakinsa ya ce motoci wajen miliyan 11 a duniya suna ɗauke da wannan dabara. Duk tsawon lokacin nan kuma talla ake yi cewa dizal ɗinsu mai tsabta ne.

Yadda asirin ya tonu yana ba ni mamaki har yau. Waɗansu 'yan masu bincike ne na wata jami'a a jihar West Virginia suka ɗora na'urar awo a bayan mota, suka bi titi da ita kamar yadda kowane direba yake yi, suka fitar da abin da suka gani a 2014. Iyakar abin da suka yi ke nan, sun auna a inda ba a zaci za a auna ba. Kamfanin ya yi fiye da shekara guda yana kawo hujjoji, bai amsa laifi ba sai da hukuma ta ce ba za ta ba sababbin motocinsa izinin shiga kasuwa ba. Shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya ajiye aiki. A 2017 kamfanin ya amsa laifi gaban kotun Amurka, abin da wannan al'amari ya ci masa kuwa ya wuce yuro biliyan 30.

Sa'ad da muka ji irin wannan labari, da sauƙi mu girgiza kai mu ce manya sun lalata duniya. Amma shugaba ba ya zama ya rubuta dabarar kwamfuta da hannunsa. Injiniyoyi ne suka yi, masu ilimi, masu iyali, waɗanda suke zuwa aiki da safe su koma gida da yamma. Ɗaya daga cikinsu, James Liang, ya yi wa kamfanin aiki fiye da shekara 30. Ba shi ne mai kamfanin ba, ba shi ne kuma babba a wurin ba, duk da haka a 2017 alƙali ya yanke masa ɗaurin wata 40. Biyayya ga na gaba ba ta fisshe shi a kotun mutane ba. To, ina ga kursiyin shari'a na Almasihu, inda manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa kowa zai tsaya ya karɓi sakamakon abin da ya yi da jikinsa?

Nan ne maganar ta iso gidanmu, domin yawancinmu ba shugabanni ba ne. Mu ne maƙeran da ake kawo wa mudu a ce mu rage. Kai mai tsaron sito, an kawo buhu 80, mai gida ya ce ka sa hannu a kan 100. Ke ma'aikaciyar asibiti, an ce ki rubuta an yi wa yara rigakafi a ƙauyen da mota ba ta kai ba. Kai ma'ajin ikilisiya, har a gidan Allah akan sami littafin da ake karanta wa jama'a da wanda ake ajiyewa a aljihu, kada mu yi kamar ba mu sani ba. Wanda ya umarce ka ba zai sa hannunsa ba, naka yake so.

Na san abin da wani zai ce: Fasto, in na ƙi, kora ta za a yi, yara kuma suna makaranta. Gaskiya ne, yana yiwuwa a kore ka, ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Shifra da Fu'a, ungozomai biyu na littafin Fitowa, sun ƙi umarnin Fir'auna ba tare da sun san yadda za ta ƙare ba, abin da aka faɗa a kansu shi ne sun ji tsoron Allah. Su Allah ya ba su iyali. Yusufu kuwa ƙin zunubi kurkuku ya kai shi, ya daɗe a ciki kafin a tuna da shi. Abin da zan ce shi ne, kada ka ɗauki nauyin nan kai kaɗai. Tun kafin ka sa hannu, ka je wurin dattawan ikilisiyarka ka faɗa musu. Ku kuma dattawa, in ɗan'uwa ya rasa aiki saboda ya ƙi ƙarya, hatsin gidansa ya zama nawayarku. Ikilisiyar da take wa'azin gaskiya ran Lahadi, sa'an nan ta bar mai gaskiya da yunwa ran Litinin, ita ma mudu biyu gare ta.

'Yan kasuwan da annabi Amos ya tsauta wa masu ibada ne. Suna kiyaye Asabar, ba sa buɗe rumfa, amma suna zaune suna ƙosawa ranar ta wuce domin su koma su rage mudu, su sayar da ƙaiƙayi a kan alkama. A ɗakin sujada hayaƙinsu tsab yake. Ubangiji kuwa ya rantse ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukansu ba, wato yana awo a rumfa, a ranakun da ba na sujada ba. In akwai takardar da ka riga ka sa wa hannu, jinin Yesu ya isa ya wanke wannan. Amma ka tuna da Zakka mai karɓar haraji, wanda ba kotu ce ta ci shi tara ba, shi da kansa ya miƙe ya ce zai mayar riɓi huɗu.

Addu'a: Ya Uba, muna kawo maka 'yan'uwanmu waɗanda takarda take jiran sa hannunsu a makon nan, suna kuwa tsoron mai gida. Ka ba su bakin da zai ce a'a cikin ladabi, ka tanada wa 'ya'yansu abinci, ka kuma buɗe hannun ikilisiya gare su. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.