Wa Ke Bin Wani Bashi, Ƙasa ko Ɗanta?

Akwai wata tambaya da masu hankali suka daɗe suna gardama a kanta. In ƙasa ta hana mutum hakkinsa ran zaman lafiya, ta ce ba zai zauna inda 'yan'uwansa ke zaune ba saboda launin fatarsa, sa'an nan yaƙi ya taso ta ce ya zo ya ba da jininsa, shin wajibi ne ya amsa kira? Ba mu ga inda za a auna wannan magana sosai ba kamar cikin labarin waɗansu 'yan dambe biyu na ƙasar Amurka, watau Jo Luwis da Muhammadu Ali. Dukansu baƙar fata ne, dukansu sun riƙe kambun damben duniya na masu nauyi. An bukaci kowannensu a soja, ɗaya ya tafi, ɗaya ya ƙi.

Kafin mu shiga labarinsu, ya kamata mai karatu ya san abin da kambun nan yake nufi ga mutanen Amurka a wancan zamani. Baƙar fata na farko da ya ci shi Jak Jonson ne, cikin 1908. Ran 4 ga Yuli 1910 ya kā da Jim Jefris, wanda Turawa suka sa wa rai zai ƙwato musu girmansu. A daren nan tarzoma ta tashi a garuruwa da yawa, aka kashe mutane, mafi yawansu baƙaƙe. Garuruwa da dama suka hana a nuna hoton damben a majigi, har cikin 1912 majalisar ƙasar ta yi dokar hana ɗaukar hotunan dambe daga wata jiha zuwa wata. Amma majigin ban dariya da ke nuna baƙar fata rago, wawa, matsoraci, ba wanda ya hana shi, gidajen kallo kuwa cike suke. Bayan Jonson ya rasa kambun cikin 1915, sai da aka shekara 22 ba a bar wani baƙar fata ya nemi shi ba.

Jo Luwis shi ne ya buɗe ƙofar nan cikin 1937. An haife shi a jihar Alabama cikin 1914, ɗan manoma matalauta. Masu kula da shi sun gindaya masa sharuɗɗa, kada ya yi dariya in ya kā da abokin karawa, kada a ɗauki hotonsa da Baturiya, don kada a tuna da Jonson. Cikin 1936 wani Bajamushe, Makis Shimelin, ya kā da shi a turmi na 12, mutanen Hitila suka yi ta shela cewa ga shaidar fifikon jininsu. Da suka sāke karawa a Niyok ran 22 ga Yuni 1938, gaban mutum fiye da 70,000, Luwis ya gama da shi cikin minti 2 da daƙiƙa 4. A daren nan har Turawan Amurka suka yi ta murna da baƙar fata, gama bukata ta sa sun ga shi ma ɗan ƙasa ne.

To, da Amurka ta shiga yaƙi a ƙarshen 1941, Luwis bai jira ba. Ran 9 ga Janairu 1942 ya yi dambe, ya ba da ladansa ga asusun taimakon mayaƙan ruwa, alhali a lokacin nan mayaƙan ruwa ba su ɗaukar baƙar fata sai aikin kuku da boyi. Kashegari ya ba da kansa a soja. Cikin Maris ya sāke wani dambe, ya ba asusun sojan ƙasa ladan. Rundunar da ya shiga a rabe take, barikin baƙaƙe dabam, na Turawa dabam. Da aka tambaye shi dalili, amsar da aka ruwaito daga gare shi ita ce, akwai abubuwa da yawa da suka lalace a Amurka, amma ba Hitila ne zai gyara su ba. Ya yi damben nuni 96 gaban soja wajen miliyan 2. Duk da haka cikin 1944, a wani bariki na Alabama, ɗan sandan soja ya umarce shi ya tashi daga bencin Turawa ya koma na baya, yana sanye da kakin ƙasarsa.

Me ƙasa ta saka masa da shi? An ba shi lambar yabo cikin 1945. Sa'an nan ma'aikatar haraji ta tasam masa, har kuɗin nan da ya ba da sadaka ta lissafa cikin abin da ya samu. Gaskiya ne shi mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, bai iya tattali ba, amma bashi da ruwansa suka yi ta hauhawa har suka wuce dala miliyan ɗaya. Mutumin da ya riƙe kambu daga 1937 har 1949, ya kāre shi sau 25, ya koma kokawar nuni don neman abin biya, daga baya ya zama mai tarbar baƙi a gidan caca. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Muhammadu Ali kuwa ya ci kambun cikin Fabrairu 1964, a lokacin nan kuma ya bayyana musuluntarsa, ya bar sunan da aka raɗa masa. Da aka kira shi yaƙin Biyatnam, ya ce addininsa bai yarda masa ba, kuma ba shi da wata husuma da mutanen can. Ran 28 ga Afrilu 1967 aka kira sunansa a wurin ɗaukar soja, ya ƙi matsawa gaba. Nan da nan masu mulkin dambe suka tuɓe masa kambu, tun ba a je gaban alƙali ba. Cikin Yuni aka yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. Ya ɗaukaka ƙara, bai shiga kurkuku ba, amma ya shekara uku da rabi bai hau fage ba, shekarun da ƙarfin ɗan dambe ke kan ganiyarsa. Sai ran 28 ga Yuni 1971 babbar kotun ƙasa ta soke hukuncin.

Abubuwa biyu za su nuna mana irin mudun da aka auna shi da shi. Na farko, Jak Demsi, Bature ne, ya ci kambun cikin 1919. An zarge shi da zille wa yaƙin duniya na farko, aka kai shi kotu cikin 1920, aka wanke shi. Ba mu da ta cewa a kan hukuncin, amma mu lura, an jira kotu ta yi aikinta, kambunsa kuwa yana kansa har 1926. Na biyu, cikin 1970, Ali yana zaune an hana shi sana'arsa, aka fito da wani majigin ban dariya mai suna MASH, labarin likitocin soja a yaƙin Koriya, cike da batsa da ba'a ga manyan hafsoshi. Masu kallo sun gane Biyatnam ake yi wa habaici. Majigin ya jawo kuɗi mai yawa, har ya ci babbar kyautar bikin majigi na Kan a Faransa. Ashe ana iya yi wa yaƙi ba'a a ci riba, muddin ba'ar ta tsaya ga dariya. Mai kallo ya yi dariyarsa ya koma gida, gobe a kira ɗansa soja ya tafi. Ƙin da Ali ya yi kuwa abu ne da wani saurayi zai iya gani ya kwaikwaya, shi ya sa hukuma ta ji tsoronsa.

To, wane ne mai gaskiya cikin su biyun? Masu goyon Luwis suna cewa, wanda gidansu ya kama da wuta ba ya tsayawa rigimar gādo, sai an kashe wutar tukuna. Suna kuma cewa hidimar baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya da suka yi soja a yaƙin nan ita ce hujjar da aka riƙe, har Shugaba Turuman ya ba da umarnin kawar da wariya cikin soja ran 26 ga Yuli 1948. Masu goyon Ali suna cewa, wanda ya yi ta ba da rance ba a biyansa, in ya ci gaba da bayarwa, shi ne ke koya wa mai cin bashi taurin kai. Shekara ashirin bayan hidimar Luwis, ana dukan baƙaƙe a Alabama don sun nemi jefa ƙuri'a.

Mu a ganinmu kowannensu ya yi daidai a zamaninsa, gama yaƙe-yaƙen ba ɗaya ba ne. Hitila ya kafa mulkinsa bisa cewa akwai jinin da ya fi wani, da ya ci nasara da baƙar fata ko'ina ya shiga uku. Saboda haka Luwis kansa ya yi wa yaƙi, ba Bature kaɗai ba. Biyatnam kuwa ƙasa ce mai nisa da ba ta kawo wa Amurka hari ba, daga baya ma da yawa cikin mutanen Amurka suka juya wa yaƙin baya.

Wani zai ce, in kowa zai zaɓi yaƙin da ya ga dama, ai ba ƙasar da za ta tsaya. Wannan magana tana da nauyi, ba ma raina ta. Amma a duba yadda Ali ya ƙi. Dubban samari sun tsallaka Kanada a shekarun nan, shi bai gudu ba. Ya tsaya gaban doka, ya faɗi dalilinsa a fili, ya miƙa wuya ga abin da zai biyo baya. Ba kuma tsoro ba ne, domin da ya shiga, da wuya a kai irinsa bakin daga, mai yiwuwa damben nuni zai yi kamar Luwis, ya komo ya ci gaba da tara dukiya. Wanda ya ƙi umarni ta wannan hanya bai rushe doka ba, ya ba ta zarafi ne ta dubi kanta.

Shimelin ma yana da abin da zai koya mana. Ya yi wa Jamus soja, an sauke shi da laima a tsibirin Kirit cikin 1941. Amma cikin Nuwamba 1938, daren da aka far wa Yahudawa, ya ɓoye yara biyu Yahudawa a masaukinsa a Balin. Cikin ayyukan nan biyu, wanne ne Bajamushe mai hankali zai yi alfahari da shi? Lalle wanda ya saɓa wa gwamnatin ranar ne. Daga nan muke gane cewa gwamnati dabam, ƙasa dabam, ana kuwa iya ƙin bin ta farko saboda ƙaunar ta biyu.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945, suka yi wa Ingila yaƙi suna ƙarƙashin mulkinta, ladansu kuwa bai kai na sojan Turawa ba. Su ma rance suka bayar, irin na Luwis.

Abin da muka tsinta cikin wannan duka shi ne, ba a auna kishin ƙasa da kaki kaɗai. A duba abin da mutum ya yarda ya rasa saboda alherin da yake so wa mutanensa. Luwis ya rasa dukiyarsa da shekara huɗu na ƙuruciya, Ali ya rasa kambunsa da shekara uku da rabi, dukansu sun biya. Wadda ta yi jinkirin biya ita ce ƙasa. Da Luwis ya rasu cikin 1981, aka binne shi a maƙabartar jarumawa ta Alintan bisa iznin Shugaba Rigan. Ali kuwa, wanda aka kira maci amana cikin 1967, shi aka ba ya kunna wutar wasannin Olimfik cikin 1996, aka kuma rataya masa lambar girma ta shugaban ƙasa cikin 2005. Girma ne, ba mu musa ba, amma ya zo bayan ƙarfi ya ƙare.

Saboda haka jawabinmu ga masu mulki ne, na ko'ina. Kafin ku tambayi talaka ina kishin ƙasarsa, ku duba littafinku tukuna, ku ga ko kun biya shi abin da yake binku, watau adalci a kotu, da daidaito a wurin aiki, da mutunci a kan hanya. Wanda aka ba waɗannan, ran da aka buga tambari ba sai an ja shi ba. Allah ya ba shugabanni ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ikon gane hakkin da ke kanmu, amin.